Ɗaurin Jitar Bawa

Azumin bana ya faɗo cikin bazara, daidai cirar albasa. Matasa suna ta kuka da zafi, wai ba su taɓa ganin irinsa ba. Gaskiyarsu ce. Azumi yakan ci kusan rabin rayuwar mutum kafin ya zagayo ya same shi inda ya bar shi, ni kuwa ya zagayo ya same ni. Jiya da azahar ina kwance a zaure, na jiƙa mayafi na rufa, sai na ji wani abu ya yi ƙas a jikin bango. Itacen jitar Bawa ne yake miƙa saboda zafi. Na san abin da ya kamata in tashi in yi mata. Ban tashi ba.

Mu uku ne muke kaɗa jita a wancan zamani, shekarun farko da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, lokacin da direbobi ba su gama goge tsohon suna a jikin motocinsu ba. Ni Sanda, manomin albasa a nan Aliero. Sai Alu, tela a Jega. Sai Bawa, wanda yake noma a Gumbin Kure, wajen Maiyama. Babu makaɗi a zuriyar ko ɗayanmu, ba mu kuma taɓa yi wa wani kirari ba. Don kanmu muke yi, mutane suna kallonmu a matsayin magidantan da ƙuruciya ba ta gama saki ba.

Tawa jitar wani ɗan bautar ƙasa ya bar mini da zai koma garinsu. Shi ya nuna mini yadda ake ɗaure wayoyin nan shida, kowace da muryarta, ya ce haka duk duniya ake yi. Ni da karatuna bai wuce firamare ba, na riƙe wannan abu guda kamar digiri. Na sa masa suna ɗaurin makaranta. Alu ya bi ni a kai. Bawa kuwa da gurmi ya tashi tun yana kiwon awakin gidansu, don haka yakan murɗa wayoyinsa yadda kunnensa ya so. Siraran cikinsu ma daga wayar burkin keke yake zare su.

Muna da al'ada kowace ƙaramar Sallah. Alu ne mai rikoda. Sai ya zauna gabanta ya yi sabuwar waƙarsa, ya naɗe rikodar da kaset ɗin cikin tsohon zane, ya ba direban a-kori-kura ya sauke mini. Kashegarin Sallah Bawa ya zo, mu saurara, mu ɗora namu, mu mayar. Yawancin waƙoƙin tsiya ce. Ni in yi wa tela waƙar rigar da aka yi alkawari tun kafin azumi, shi ya rama da cewa ko turaren Makka na shafa, albasa ce take fara shiga masallaci. Bayan kowace waƙa mutum yakan tsaya ya yi bayani cikin kaset ɗin: wace waya ya ɗaga, wace ya sauke, da dalilin da ya sa na ɗan'uwansa shirme ne.

Akwai wata al'adar kuma. Da an ga watan azumi sai mu sassauta wayoyi gaba ɗaya, mu rataye jita, ba a taɓa ta sai Sallah. Girmama wata ne, kuma kariya ce, domin zafi yana jan waya har ya lanƙwasa wuyan jita ko ya ɓamɓare ɗan katakon da wayoyin suke hawa. Mahaifin Bawa ladan ne, ba ya son kayan kiɗa su kwana gidansa cikin azumi, saboda haka a wurina Bawa yake barin tasa. Ni nake sassauta su duka biyu.

A shekarar da nake magana, mun haɗu a zaurena da la'asar ana gobe za a duba wata. Alu ya zo da rikodarsa. Bawa ya shigo da jita a kafaɗa yana murmushi shi kaɗai.

"Mi kaka yi wa dariya?" in ji Alu. "Ko jakinka ya yi magana?"

"Na samu wani ɗauri," in ji Bawa.

"Allah shi kyauta," na ce. "Wanga na nawa ne?"

Ya ce ba shi ya nema ba. Ya hau bayan mota da jitar, rana ta buge ta tun daga Maiyama, wayoyi suka zame. Da ya sauka ya shafa su, sai ya ji wani abu, ya yi ta bi a hankali har ya kama.

"Babbar na sauke ta har ta kusa barci," ya ce. "Ukun da ke biye da ita suna riƙe da ita. Siraran ga biyu kuwa, awa tagwayen da sunka yi hwaɗa, ba su rabu ba, ba su shirya ba. Ban san hanyar da na bi ba. Kunnena ɗai ya sani."

Alu ya miƙa hannu zai danna rikoda. Ni na hana. Na ce batir ya yi wuya, a bar shi sai Sallah, kada a ƙarar da shi a kan gwaji.

Bawa ya fara. Ba waƙar tsiya ba ce, bai ma gama sa mata baiti ba, da hanci yake bin ta. Manyan wayoyin suna gunji a ƙasa, siraran biyu suna tashi a kansu kamar mace tana kiran ɗanta daga wancan gefen fadama. Tsikar jikina ta tashi. Na tabbata cikin ɗaurin makaranta babu inda zan samo wannan. Maimakon in yi shiru, sai na ɗaga murya. Na juya wajen Alu na shiga yi masa bayani, wai wannan ba jita ba ce, gurmi ne ya sa wando. Na yi ta zuba har Bawa ya kai ƙarshe. Hassada ce, ba wani abu ba. Na daɗe da sanin sunanta.

Bawa bai yi fushi ba. Ya rataye jitar da kansa a ƙusar da take har yau.

"Sanda, bana kak ka sassauta mini ita. Ban gama riƙe ɗaurin ga ba."

"Zahi zai karya ta."

"Bar ta ta karye. Ka ji?"

"Na ji," na ce.

Aka ga wata. Azumin ya zo da nauyi. Man fetur ya ɓace, injin ban ruwan da muke karɓa-karɓa ya zama kayan kallo, muka koma jigo kamar kakanninmu. Ige, matata, takan tashe ni sahur da ɗumamen tuwo da fura, in sha ruwa har cikina ya yi ƙara. Daga sallar asuba sai fadama. Gayya muke yi, yau gonar wane, gobe ta wane, don a cire albasa kafin rana ta dafa ta a ƙasa. Maza suna tuge, wasu suna yanke lawashi, wasu suna tarawa. Warin ɗanyar albasa a kan cikin da ba komai ba ƙaramin abu ba ne: ido yana ruwa, maƙogwaro a bushe, miyau ya yi kauri kamar ƙaro. Kafin hantsi ya yi nisa hira ta mutu, sai ƙarar lauje kawai. Wanda ya ji jiri ya je ya tsoma kansa a kwarin ruwa ya dawo.

Daga nan a kwashi albasar a jakuna zuwa rudu, gadon kara da ake jera ta a kai a rufe da ciyawa don ta sha iska. Da azahar gari yakan yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Rijiyar unguwarmu ta ja baya, sai an ƙara igiya, abin da guga yake kawowa rabi laka ne. Ige takan tace shi ta zuba a randa, ta lulluɓe randar da jiƙaƙƙen buhu. Ƙanƙara kuwa sai in wani ya taho da ita daga Jega cikin dusar katako, a fasa a raba gida-gida, kowa ya samu abin da bai fi ƙwan zabo ba. Yanzu a bakin kowane lungu ana sayar da ita, famfon fadama ma da hasken rana yake aiki. Amma ban ƙara shan ruwa mai daɗin na randar nan ba.

Cikin goman farko jitar Bawa ta fara magana. Ina kwance da azahar sai in ji ƙas. Can kuma ƙas. Ige ta ce, "Malam, abin ga na abokinka yana nishi awa mutum." Na sauko da ita na duba, na ga ɗan katakon ya fara ɗagawa, har tsinke zai shiga ƙarƙashinsa.

Da gaske ne tana iya karyewa. Wannan hujjar na riƙe shekaru ina ba kaina. Amma na san abin da yake raina lokacin da na kama makullan da suke ɗaure wayoyin ina murɗa su baya ɗaya bayan ɗaya, har wayoyi suka kwanta laƙwas. Daɗi na ji. Na ce a zuciyata, ai kunnensa yana nan, ya sake nemo abinsa.

Bazarar nan sanƙarau ya shigo ƙauyuka. Aka ce a daina cunkoso a ɗaki, kowa ya fito da tabarma tsakar gida. Tsakiyar azumi direban a-kori-kura ya tsaya a bakin rudu, bai kashe mota ba, ya ce mini Bawa yana kwance, wuyansa ya sanƙare, shi ya kai shi asibiti a kan buhuna. Na je na same shi bai san wanda yake kansa ba. Na yi addu'a, na dawo ga albasata, ina jiran a aiko da mummunan labari.

Bai mutu ba. Cikin goman ƙarshe aka mayar da shi gida, na hau keke na tafi Gumbin Kure da bakin azumi. Mahaifiyarsa ta tare ni a ƙofa.

"Sannu da rana, ɗana. Shiga, shina nan. Amma ka yi mai magana da hannu."

"Da hannu, Inna?"

"Ba shi ji. Ko tsawa anka yi, ba shi ji."

Yana zaune ya jingina da bango, ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Da ya gan ni ya yi dariya, ya yi magana da ƙarfi kamar mai kiran wani daga nesa.

"Sanda! Mai albasa! Na ji warinka, hancin dai na nan!"

Na yi dariya, na riƙe hannunsa. Ya jawo ni kusa.

"Jitar tana nan yadda na bar ta?"

Na gyaɗa kai. Da azumi a bakina na gyaɗa kai.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya ɗaga hannun hagu yana motsa yatsu a iska. "Waɗanga sun riƙe waƙar. Tun asibiti nike bin ta. In dai ɗaurin na nan, zan kaɗa ranar Sallah, ku ku ji, ni in dubi huskokinku. Ya ishe ni."

Ban san yadda na tuƙo keken nan zuwa Jega ba. Na sami Alu cikin tulin ɗinkin Sallah, na faɗa masa halin da Bawa yake ciki da abin da na yi wa jitarsa. Ya cire ƙafarsa daga keken ɗinki ya daɗe yana kallona.

"Kai dai, Sanda," ya ce.

Sauran kwanakin na karya al'adarmu. Kullum bayan la'asar, lokacin da yunwa ta fi cizo, sai in rufe zaure in ɗauki jitar ina murɗawa. Alu ya bar ɗinkin mutane ya zo sau biyu. Shi ya ce waƙar ta hau nan, ni na ce ta sauka. Abin da ya riƙe kaɗan ne, domin ni na cika masa kunne ran nan. A ƙarshe muka tsaya a kan wani abu da ya yi kama, muka ce ko Allah zai sa.

Aka yi Sallah. Kashegari Bawa ya iso da hantsi cikin sabuwar riga da ta yi masa yawa. Alu ya zo da kansa, ya sa sabon batir. Ige ta kawo fura, ta tsaya a bayan ƙofa. Maƙwabta biyu suka zauna a bakin zaure. Muka fara jin waƙar Alu ta tsiya, aka yi dariya, Bawa ya ga ana yi shi ma ya yi. Sannan ya miƙa hannu, na sauko masa da jitar. Alu ya danna rikoda.

Yatsunsa sun tafi daidai, ko tuntuɓe babu. Abin da ya fito kuwa babu kai babu gindi, kamar ana jan kwanoni a ƙasa. Shi bai sani ba. Ya lumshe ido yana kaɗa kai, yana bin waƙar da take cikin kansa. Can ya buɗe ido ya fara duba mu, yadda ya ce zai yi. Alu ya washe baki fiye da kima. Maƙwabcina ya sunkuyar da kai. Ni ban san abin da fuskata ta yi ba, amma a kaina idonsa ya tsaya.

Ya daina. Ya ɗaga jitar, ya sa haƙoransa a kan katakon kafaɗarta, ya ciza, ya bugi babbar waya. Ya tsaya yana jin ta a ƙashin kansa. Ya sake bugawa. Ya cire baki.

"Wa ya taɓa ta?"

Na nuna ƙirjina.

Na so ya zage ni. Na so ya kwaɗa mini ita a ka. Sai ya goge bakinsa da hannun riga, ya matso har gwiwarmu ta haɗu, ya juyo mini makullan.

"Murɗa. In na ɗaga yatsa ka ƙara, in na sauke ka rage."

Haka muka yi har azahar ta wuce. Shi ya ciji katako yana bugawa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ni ina murɗawa. Babbar ta fara zama. Na san ta zauna domin idonsa ya kawo ruwa. Ta biyu ta zauna, ta uku, ta huɗu da ƙyar. Ya shafa su huɗun tare, gunjin nan na ran jajibirin azumi ya cika zaure. Ige ta ce "Allahu akbar" daga bayan ƙofa.

Muka zo kan siraran biyu. Ya ciza ya buga. Ya canza wuri, ya ɗora goshi, ya manna ta a ƙirji, ya sake cizawa har katakon ya yi shaida. Na murɗa sama, na murɗa ƙasa. Yatsansa bai motsa ba.

"Ba su isowa," ya ce. "Sun yi siriri. Ba su isowa gare ni."

Su ne masu kiran nan. In babu su, sauran gunji ne kawai.

Ya dube ni, ba da fushi ba, da fata.

"To, waɗanga biyu kai za ka hwaɗa mini. Kunnenka ya hi na Alu. Kana zaune nan ran da na kaɗa ta. Ka ji su, Sanda?"

Wannan karon ban gyaɗa kai ba. Na girgiza shi. Ya daɗe yana kallon bakina. Ina jin a lokacin ya tuna yadda bakin nan yake motsi ran nan tun daga farkon waƙar har ƙarshenta.

Ya tashi ya rataye jitar a ƙusarta.

"Bar ta nan. Wata rana tana iya hwaɗo maka."

Kaset ɗin shekarar nan bai zagaya ba. Na saurare shi sau ɗaya. Bayan waƙar Alu da kwanonin nan, babu komai sai waya guda tana hawa tana sauka, da numfashin mutum ta hanci. Na mayar wa Alu, ban tambaye shi inda ya kai shi ba.

Bawa ya yi shekaru bayan haka. Ya yi noma, ya aurar da 'ya'ya, ya koyi karanta leɓe har ana cinikin gero da shi a kasuwar Maiyama. Bai ƙara taɓa jita ba. Amma kowace Sallah yakan zo kashegari, mu ci tuwo, in zai tafi ya dubi bango, ya ɗaga mini yatsu biyu. In girgiza kai. Ya dafa kafaɗata ya fita. Bai taɓa fasa zuwa ba, bai kuma taɓa fasa tambaya ba, har shekarar da aka aiko cewa ya rasu da damina. Alu ma ya bi shi.

Ɗana na fari malami ne a Jega. Kwanan baya ya nuna mini wayar hannunsa, wai tana saita jita da kanta, akwai ɗauri iri-iri a ciki, kowanne da sunansa, matasa suna tura wa juna waƙoƙin Sallah ba sai an jira direba ba. Ya ce, "Baba, faɗi sunan wanda kake nema." Na ce ba shi da suna. Muka bi su duka, ya yi haƙuri da ni. Babu.

Huɗun nan ban ƙara sassauta su ba, azumi ko ba azumi ba. In ɗaya ta tsinke sai in sa sabuwa nan take, in bi 'yan'uwanta. Wuyan jitar ya lanƙwashe, ɗan katakon na ɗaure shi da ƙaro ya fi a ƙirga. Sawun haƙoran Bawa yana nan a kafaɗarta, na sama huɗu, ɗaya ya fi zurfi.

Wani lokaci, dab da shan ruwa, in yunwa ta kwashe komai daga kaina, sai in ji kamar kiran nan yana tahowa daga wajen fadama. In tsaya cak, in hana kowa motsi. Kafin ya iso sai ladan ya kira, ko babur ya wuce.

Sallah ta kusa. Kashegarinta zan rufe zaure, in sauko da ita, in kama makullan nan biyu. Yanzu na iya shiru.